Shekarar Da Aka Mayar Da Tozo

Ƙaurin babbaka ne abin da nake fara tunawa. Ranar Talata ce, ranar kasuwar garinmu, ana tsakiyar marka. Ruwa ya ɗauke da hantsi, amma sama ba ta washe ba, sai hayaƙin da mahauta ke babbake kawuna da ƙafafu ya kasa tashi, ya kwanta bisa rufin gidajen unguwarmu ya gauraye da warin jiƙaƙƙen kashin shanu. Har yau in na shaƙi wannan ƙauri sai kunnena ya jiyo rediyon Baba yana ƙara a zaure, ana ta maimaita kalma ɗaya: wa'adi, wa'adi.

Ummi, ke nake rubuta wa wannan babi, ko da yake yanzu ko baƙi ba ki sani ba. Za ki girma ki ji ana cewa kakanki na wajen uwa, Alhaji Mamman, mutum ne mai taurin kai da ya so ya jefa 'yarsa a daji da tsohon ciki. Za ki kuma ji ana cewa gwaggonki Ma'u, wato ni, faɗuwa ta yi a jarrabawa, shi ya sa ta maimaita shekara. Ba ɗaya daga cikin biyun da yake haka, kuma ina so ki ji yadda aka yi daga bakin wadda take wurin.

Babanmu, kakanki Malam Garba, mahauci ne ɗan mahauci a Talata Mafara. Alhaji Mamman kuwa falken shanu ne daga ƙasar Madawa ta Nijar, kuma tun kafin a haife ni gidanmu ne masaukinsa. In ya koro shanu ɗakin zaure nasa ne, butarsa ma tana nan rataye a ƙusa shekara da shekaru ba mai taɓa ta. Al'adar gidanmu ce, duk Talatar da baƙo yake gari, tozon sa mafi kyau da Baba ya yanka ba ya hawa tebur, ko nawa aka taya shi. Gasa shi ake yi a kai wa baƙo zaure. Baba bai iya zancen ƙauna da baki ba, da tozo yake faɗinta. A wannan zaure aka ƙulla auren babanki, Yaya Lawali, da innarki Zalika. Innarmu ta riga ta rasu, Yaya kuma soja ne, an tura su wajen Janbako a ƙasar Maradun suna tsaron ƙauyuka daga ɓarayin daji, don haka Zalika ta zauna tare da mu. Ni ce abokiyar hirarta in na dawo hutu daga kwalejin horar da malamai, inda nake shekarar ƙarshe. Takan nuna mini hotunan 'yan gidansu a waya, har da ƙanenta Isuhu, shi ma soja can Agadas, wanda aiki ya hana shi zuwa biki.

Wannan daminar Alhaji ya zo da abu biyu: shanun sayarwa, da niyyar tafiya da 'yarsa goyon ciki. Haka aka saba, cikin fari a gaban uwa ake haife shi, ita ke yi wa 'yarta wankan jego. Bai gama sayar da shanun ba sojojin ƙasarsu suka tsare shugabansu a cikin gidansa, suka ce sun karɓi mulki. Kafin a ce me an rufe iyaka, an yanke wutar da ake ba su daga nan, shugabannin ƙasashen yankinmu suka ba da wa'adi: ko a mayar da mai kujera kan kujerarsa, ko a shigo da sojoji a cire wanda ya hau. Ba inda ba a zancen, a kara wurin cinikin shanu, a tasha, a bakin rijiya. Mafi yawan mutanen garinmu ba sa son a je, don kusan kowane gida yana da wani a ƙetare. Baba yana cikin 'yan kaɗan da ke ganin ya kamata, kuma ba mutum ba ne da ke ɓoye abin da ya gani.

Da safen wannan Talatar ina shanya a bayan gida na hangi Alhaji tsaye gefen turke, waya a kunne, ya juya wa gida baya. Ya daɗe. Da ya gama sai ya dafa bayan wani bijimi ya tsaya haka nan, har na zaci addu'a yake yi. Ni kuwa lokacin hankalina yana kan wani gajimare da ya yi kama da raƙumi, ina neman baitin da zai dace da shi. Baba ma Mai Kallon Sama yake kirana.

Da azahar, bayan kasuwa ta fara sauka, zaure ya cika da dillalai da mahauta. Ina soron ciki da kwanon tozo a hannu, ina jiran a sarara in shiga, duk abin da aka faɗa a kunnena.

"Alhaji," in ji Baba, "ka ba makiyayi shanu da sanda ya tsare maka, ya juya ya ɗaure ka a turke ya ce garken nai ne. In maƙwabta sunka yi shiru, gobe kowane makiyayi ya koyi sana'a."

"To sai maƙwabta su sa ma garken wuta don su kwance mai shi? Garba, ni ban zaɓi soja ba. Ƙuri'ata ma wanda anka tsare na ba. Amma harsashi bai san janar ba. Janar na cikin gidan siminti, mu muna cikin na laka."

"In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta…"

"Shafa ma naka ruwa anka ce, ba a ce ka zo mishi da fetur ba. An yi haka a Libiya, an cire wanda anka so cirewa. Ina bindigogin sunka bi? Tambayi mutanen Dosara nan ƙasarku, suna jin ƙararsu."

"Ba ka san soja ba ne," in ji Baba, muryarsa ta fara hawa. "Ni na san shi. Zamanin da sunka riƙe mu, a bakin kasuwar ga anka sa ni tsallen kwaɗo da wuƙata a ƙugu, wai na tsauwala nama. Ina da mata, ina da ɗa, yara na kallo. Wanda duk ya hau da bindiga, da bindiga ya kamata a sauke shi."

"Ka ƙi soja har ka haifi ɗaya ka ba su," in ji Alhaji.

Zaure ya kece da dariya. Irin wannan zolayar sun saba da ita, sun fi haka ma. Amma rannan ta sami Baba a wurin da bai warke ba.

"Nawa yana ƙarƙashin doka. Inda anka ce ya tahi, nan za shi."

"Ko Madawa?" in ji Alhaji, a hankali.

Da su biyu ne kawai, na san Baba cewa zai yi Allah ya kiyaye. Amma ga jama'a, ga dariyar ba ta gama kwantawa ba.

"Ko Madawa," in ji shi.

Ni da wauta sai na ga ai yanzu ne ya kamata tozo ya shiga, ko ya raba su. Na yi sallama, na durƙusa, na ajiye kwanon gaban Alhaji na ɗaga faifan. Yana ta turiri, kitsen na sheƙi, an barbaɗe shi da yaji yadda yake so. Ya dube shi. Sai ya ɗauki faifan daga hannuna ya mayar ya rufe, ya turo mini kwanon da yatsu biyu.

"Ma'u, mayar ciki. Ki ce ma mai gidan na gode."

Mai gidan yana zaune kusa da shi, gwiwa na taɓa gwiwa. A unguwar mahauta an san ma'anar a mayar wa mutum da naman da ya ba da, ba a yi wa ko maƙiyi haka sai in an gama da shi. Alhaji ya miƙe, ya gyara rawaninsa.

"Bayan Juma'a zan ɗauki ɗiyata. Akwai masu babur da sunka san hanyar daji. Ba ta haihuwa a inda aka shirin kawo mana wuta."

Na sami Zalika a ɗaki tana tsintar shinkafa, ta miƙe ƙafafu bisa tabarma. Sun kumbura har silifa ba ya shiga. Satin da ya wuce ni na raka ta awo, a gabana ma'aikaciyar asibiti ta ce jininta ya hau, ta guji wahala da girgiza. Hanyar da Alhaji ke nufi kuwa yini guda ce bisa babur, cikin laka da kwazazzabai, ana gudun jami'an iyaka ta nan ana gudun ɓarayi ta can.

"Zali, an tambaye ki?"

"Ana tambayar mai cikin fari? Ke dai Malama, boko ya ɓata ki."

"To ni na tambaye ki."

Ta yi ta juya shinkafar da yatsa, ba tsakuwar da take nema.

"Ina son in ga innata, Allah ya sani. Amma ko rijiya na je sai na huta a hanya. In kuma na ƙetare anka fara harbi, yaushe yayanki za ya ga abin da na haifa?" Ta share ido da gefen zane. "Amma in na ce ma Baba ba ni zuwa, na zaɓi miji bisa uba, kuma a rana irin ta yau. Da wane ido zan dube shi?"

Na fita tsakar gida na zauna bisa turmi. Ni ba mai faɗa ba ce, Ummi. Tun ina yarinya in an ɗaga murya sai in sulale in tafi inda ba kowa. Amma rannan na ji wani abu ya zauna daram a ƙirjina, na san ko za a yi me, ba za a ɗora wannan yarinya kan babur ba. Na kuma san gardama ba ta cin Alhaji, ga Baba ya gwada. Abin da yake riƙe da shi al'ada ce, don haka ta cikin al'adar za a bi. Goyon ciki a gidan su mace ake yi, amma ba a ce lalle sai ɗakin uwarta ba. Sai na tuna Iya Ta-Madawa.

Iya yayar Alhaji ce ciki ɗaya, ita ta goye shi. An kawo ta aure Bakura tun tana yarinya, wurin wani manomin shinkafa, ya rasu ya bar ta da gida da jikoki. Kashegari na hau motar Bakura. Hagu da dama shinkafa ce kore shar har inda ido ya tsaya, balbelu sun bi bakin magudanan ruwa kamar an shanya fararen kaya, amma ban tsaya neman baiti ba. Na sami Iya tana daka goro a ɗan turminta don haƙora sun tafi. Muka gaisa gaisuwar tsofaffi, ta tambayi Baba, ta tambayi gida, ta tambayi ruwa, ta tambayi gajiya, ta sake tambayar Baba. Sannan na faɗa mata komai, har da tozon.

"Mamman ya mayar da nama?" Ta ajiye taɓaryar. "Lalle akwai abin da ke cin shi. Gidan gwaggo gidan uba ne, wannan ba gardama, kuma bai isa ya ce mini a'a ba. Amma dubi hannuwan ga." Ta ɗaga su, yatsun sun karkace da sanyin ƙashi. "Jego ba da baki aka yin shi ba. Tukunyar ruwa safe da maraice, itace, ganyen darbejiya, kunun kanwa, wankin tsumma. Matan gidan ga duk suna gona. Wa za ya yi?"

"Ni, Iya."

Ta yi dariya har ta sarƙe, sai da na miƙa mata ruwa.

"Budurwa? 'Yar boko? Ke da na ji an ce da gajimare kike hira? Inda duk anka ji budurwa na wankan jego sai an yi mana waƙa."

"Ke za ki zauna bisa kujera ki faɗi yadda za a yi. Ni hannuwanki ce kawai."

"Makarantar fa?"

"Tana nan inda na bar ta."

Na san ba haka ba ne. Jarrabawar ƙarshe za ta faɗo daidai lokacin da Zalika ke cikin jego, kuma wanda bai zauna ajin zangon ba ba a barinsa ya rubuta. Iya ta dube ni ta daɗe, kamar mai duba sa kafin ta taya.

"Sai mijinta ya yarda da bakin shi," in ji ta. "Ba ni karɓar matar mutum a bayan idonai."

Inda su Yaya suke waya ba ta shiga, amma na san ranar Alhamis sukan shigo Maradun ɗaukar abinci. Baba na ce wa za ni wurin Yaya, ya zaci saƙo zan kai masa, ya ce in dawo kafin la'asar. A hanya motarmu ta yi ta wuce mutane da tabarmi a ka, mata da tukwane, tsofaffi bisa jakuna. Wata da ke kusa da ni ta ce 'yan wajen Damaga ne, ɓarayin daji sun aiko musu su tashi, sun bar gero ya fara fitar da kai. Na sami Yaya a rumfar mai shayi kusa da tasha. Ya rame, ya yi baƙi. Ina ba shi labari yana murza tabon hannunsa na hagu, wanda ya taso daga babban yatsa har wuyan hannu. Wuƙar Baba ce ta yi masa shi yana yaro, lokacin da yake koyon fiɗa, kuma duk sadda tunani ya yi masa yawa nan yatsansa ke zuwa.

"Baba ya ce ko Madawa?"

"Ya ce."

"Allah sarki, Baba."

"Yaya, in an ce ku tafi, za ka?"

Ya waiga ya ga ba na kusa.

"Soja ba a tambayar shi, Ma'u. Za ni. Amma kin ga mutanen can da kinka wuto a hanya? Muna nan ma ke nan. Ranar da anka kwashe mu daga Janbako, kafin mu kai bakin iyaka an kwashe musu abin da ya rage. Baba na zancen makiyayin Yamai, ga namu garken ana ta kora."

"Ka yarda ta je Bakura?"

"Na yarda. Amma ke fa? Karatunki?"

"Wannan nawa ne."

Ya dube ni kamar bai san ni ba, sai ya yi murmushi. Da na tashi tafiya ya ce, "Ki ce mata…" Ya tsaya, kunya ta kama shi, soja guda da bindiga a kafaɗa. "Ki ce mata ta riƙa cin abinci."

Ranar Juma'a da hantsi Iya ta iso a gaban motar shinkafa. Ta sa aka sauke ta a ƙofar zaurenmu, ta shiga tana dogara sanda, ina biye. Mutanen biyu suna zaune kowa ya karkata wa ɗan'uwansa kafaɗa, rediyo a kashe. Tun Talata Alhaji a kasuwa yake sayen abincinsa. Suka miƙe suka gaishe ta, ta amsa wa Baba cikakkiyar gaisuwa, sannan ta juya.

"Kai Mamman, an ce za ka ɗora mini ɗiya bisa babur ka shiga daji da ita."

"Yaya, al'ada ce. Gida za ta."

"Ni bare ce? Bayan ga da ya goye ka bai isa gida ba? Bakura za ta. Mijinta ya yarda, ni ma na yarda, saura kai ka ce to."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Na ga kafaɗunsa sun sauka kamar wanda aka sauke wa kaya, amma bai saki nan take ba.

"Wa za ya yi mata wanka? Hannunki ba ya iyawa."

"Ni, Baba Alhaji," na ce daga bakin ƙofa.

Sai lokacin Baba ya gane abin da na je yi Bakura da Maradun.

"Ke? Ban yarda ba. Shekara nawa ina yanka ina fiɗa don ki zama malama? Innarku ta mutu da burin ga a bakinta. Saura ƙiris ki ce za ki tahi hura wuta?"

Ban taɓa mayar wa Baba magana ba. Na durƙusa, na kafa ido a kan tabarma, amma abin nan da ya zauna a ƙirjina bai motsa ba.

"Baba, ka yi haƙuri. Tun da aka fara, ana ta zancen wanda za a cire da wanda za a mayar, ba wanda ya leƙa ɗaki ya dubi ƙafar Zalika. Ni ban san wanda ya fi gaskiya tsakaninku ba. Abin da na sani, jarrabawa ana sake ta baɗi. Haihuwar fari ba a sake ta."

Iya ta jefa dakakken goro a baki.

"Je ki," in ji Baba, bai dube ni ba. "Amma kada ki zo mini da kuka baɗi."

Alhaji ya tafi shi kaɗai kashegari, ta hanyar dajin. Ya shiga ya yi wa 'yarsa addu'a, ya fito suka yi sallama da Baba a tsaye, gajeruwa, irin ta mutanen da suka haɗu a mota. Da babur ɗin ya ɓace na ga Baba ya koma zaure ya ɗaga kai ya dubi ƙusa. Butar tana nan. Ya ɗauki wuƙaƙensa ya fita.

A asibitin Bakura aka haife ki, da kyar, bayan jinin innarki ya sake hawa har aka sa mata ruwa. Ma'aikaciyar da ta karɓe ki ta ce da a hanya abin ya same ta, da sai dai wani zance. Daga nan na koyi aikin da ba a koyarwa a kwaleji. Kullum kafin rana ta fito na cika tukunya na hura wuta da jiƙaƙƙen itace, in ruwa ya tafasa in ɗaure ganyen darbejiya in tsoma in riƙa fyaɗa wa innarki, tana ihu tana zagina da zagin Nijar, Iya na bisa kujera tana cewa, "Ƙara nan, bayan ba ki taɓa ba, ke ba ki ci tuwo ba?" Da maraice a sake. Hannuwana suka yi bororo, suka fashe, suka yi kanta. Matan unguwa kuwa sun yi waƙar da Iya ta faɗa, in na fito ɗiban ruwa sai a ce ga ungozoma mai digiri, ko da yake digirin ban samu ba. Ta katanga muke jin rediyon maƙwabta. Wa'adi ya cika ya wuce, malamai da sarakuna suka yi ta kai da komo, aka yi ta cewa gobe ne, jibi ne, Allah bai sa an harba ko harsashi ɗaya ba. Ranar suna Yaya ya sami izinin yini guda. Baba ya zo da rago ya yanka da hannunsa, ya sa miki sunan kakarki ta Madawa da ba ta samu zuwa ba, shi ya sa muke ce miki Ummi. Ni kuwa gaisuwata kawai ya amsa.

Ranar da 'yan ajinmu suka shiga jarrabawa ina tsugune gaban murhu. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba, amma a cikin hayaƙi na yi shi, inda kowa ke hawaye. Suka gama suka kama aiki, ni na koma aji da ƙannena. Baba ya kusan shekara bai kira ni Mai Kallon Sama ba, sai Asma'u, cikakke, kamar baƙuwa. Wannan ya fi mini zafi a kan shekarar da na rasa. Amma ko sau ɗaya ban ce da na sani ba, kuma ban kai masa kukan da ya hana ba.

An buɗe iyaka daga baya, amma Alhaji bai zo ba. Sai da kika fara gudu, ni kuma na fara koyarwa, wata Litinin muka ji sallamarsa a zaure. Ya zo da 'yan shanu kaɗan da wani dogon saurayi, kawunki Isuhu, ya sami hutu ya zo ganinki. Yaya ma yana gida. Kashegari Talata Baba ya ce mini, "Mai Kallon Sama, kai ma baƙo abin shi." Na ajiye kwanon na ɗaga faifan. Alhaji ya yi bisimilla ya yanki tozo ya kai baki.

"Gishiri ya yi yawa," in ji shi.

"Bakinka ne ya lalace da mulkin soja," in ji Baba.

Suka ɗora daga inda suka tsaya, ba wanda ya sauya ra'ayi, har yau ma haka suke. Ana cikin haka Yaya ya miƙa hannu zai ɗauki nama, sai Isuhu ya kama hannun, na hagu, ya juya shi ya dubi tabon, ya yi dariya.

"Ashe kai ne. Wallahi yadda ya faɗa, daga babban yatsa har wuyan hannu."

"Wa ya faɗa?" in ji Yaya.

Alhaji ya ce, "Isuhu, ci namanka." Amma ya riga ya fara.

"Satin da anka ba da wa'adi an kwaso mu daga Agadas an jibge mu bakin iyaka, bindigoginmu na kallon Illela. Wata Talata da safe na kira Baba na gaya mishi, yana nan gidan. Ya ce kada Zalika ta ji, kada kowa ya ji, tana da ciki. Sai ya ce, Isuhu, in abin ya zo, akwai wani mai tabo a hannun hagu, mijin yayarka ne. Na ce Baba, wa ke duba hannu a wurin yaƙi? Ya ce kai dai ka duba."

Baba ya tsaya da loma a hannu. Ni kuwa na tuna bijimin da aka dafa a gefen turke, ina can ina kallon gajimare. Da wannan maganar a cikinsa kakanki Alhaji ya shigo zaure rannan, ya tambayi amininsa ko Madawa, ni kuma na zo na ajiye masa tozo a gaba.